Me ya sa ƙungiyoyin ƙwallo ke nauyin hannu wajen sakin 'yan wasa bayan an kammala kaka? Tambayoyi da amsoshi

Duk shekara da zarar an busa tashi a wasan ƙarshe na kaka, sai labaran ciniki su maye gurbin labaran ƙwallaye. A wayi gari an ce wane ya kusa komawa can, a yi wata biyu ana jan magana, ƙarshe kuma a ga mutumin ya fito wasan farko sanye da rigar da ya saba sawa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu bin tamaula suka fi maimaitawa a kan wannan jan ƙafa.

Wane lokaci ake magana a kai, kuma me ya sa ba a ciniki a ko da yaushe?

Tun daga kakar 2002/03 hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, ta wajabta cewa kowace ƙasa ta ware lokuta biyu kacal a shekara na yi wa sababbin 'yan wasa rajista. Babban shi ne na tsakanin kaka da kaka, wanda bai wuce mako 12 ba. A manyan gasannin Turai yakan faro a watan Yuni ko farkon Yuli, ya rufe a ƙarshen Agusta ko ranar farko ta Satumba. Ƙaramin kuma na tsakiyar kaka ne, galibi watan Janairu. Ana iya tattaunawa a kowane lokaci, amma ɗan wasan da ke da kwantiragi da wata ƙungiya ba zai buga wa sabuwar ƙungiya ba sai an yi masa rajista a cikin waɗannan ranaku. Saboda haka duk wanda ya sayar, agogo ya fara bugawa a kansa: in bai cike gurbin ba kafin a rufe, sai ya jira Janairu.

To ai kasuwa a buɗe take. Me zai sa ƙungiya ta ce ɗan wasanta ba na sayarwa ba ne?

Domin kuɗi ba sa shiga fili. Mai ƙungiya na iya karɓar fam miliyan 80 ranar Litinin, amma ranar Asabar mutum goma sha ɗaya zai fitar, kuma wanda ke ci masa ƙwallo 20 a kaka ba ya cikinsu. Tambayar da shugabanni ke yi wa kansu ba "nawa aka taya?" ba ce, ita ce "wa zai tsaya a wurinsa, a nawa, kuma zai iso kafin a rufe?" Idan babu amsa, sai a ce albarka, ko da tayin ya yi tsoka.

Akwai kuma abin da ɗan wasa ke jawowa wanda ya fi farashinsa. Gurbin Gasar Zakarun Turai yana kawo miliyoyi masu yawa a shekara guda, faɗuwa daga Firimiya zuwa rukuni na biyu kuma yana zaftare kuɗin talabijin da ƙungiya ke rayuwa a kai. Ƙungiyar da ke gab da ɗaya daga cikin waɗannan layuka biyu tana auna ɗan wasan da makin da zai kawo, ba da abin da jaridu suka ce ya kai ba.

Amma da kuɗin ba za ta sayo wani, ko ma biyu ba?

Nan ne gizo ke saƙar. Ranar da aka ji ka karɓi kuɗi masu yawa, kowa ya san aljihunka cike yake kuma kana cikin matsi, sai farashi ya tashi a duk ƙofar da ka ƙwanƙwasa. A Agustan 2017 Paris Saint-Germain ta ɗauke Neymar daga Barcelona a kan yuro miliyan 222. Kafin watan ya ƙare Barcelona ta biya Borussia Dortmund yuro miliyan 105 a kan Ousmane Dembele, ban da ƙarin da zai biyo baya, sannan a Janairun 2018 ta kashe fiye da haka a kan Philippe Coutinho. Kuɗin Neymar sun tafi, gurbinsa bai cike ba. Abin takaicin ma, a 2020 Coutinho yana zaman aro a Bayern Munich ya zura wa Barcelona biyu a wasan nan da aka tashi 8-2.

Tottenham ta ɗanɗana irin wannan a 2013. Ta sallama Gareth Bale ga Real Madrid, ta kwaso 'yan wasa bakwai a bazara ɗaya. A cikinsu Christian Eriksen ne ya zama ginshiƙi. Kocin da aka sayo wa mutanen, Andre Villas-Boas, bai kai ƙarshen Disamba ba aka sallame shi. Mutum bakwai masu kyau ba sa zama mutum ɗaya fitacce, kuma kowannensu na buƙatar watanni kafin ya san inda abokin wasansa ke son a ajiye masa ƙwallo.

Ba wai sayarwa ba ta taɓa yin riba ba. Liverpool ta ƙi sakin Coutinho a bazarar 2017, ta sake shi a Janairu lokacin da Virgil van Dijk ya riga ya shigo, ta ƙara da gola Alisson a bazarar 2018, ta ɗauki Kofin Zakarun Turai a 2019. Bambancin shi ne ita ta zaɓi lokacin, ba mai saye ba.

Me ya sa ba za su yi ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda ba kawai? Ka ba ni naka, in ba ka nawa.

Wannan ita ce tambayar da aka fi yi, musamman daga masu kallon ƙwallon kwando na Amurka, inda ƙungiya kan tura ɗan wasa wani gari tare da kwantiraginsa, sau da yawa ba tare da an nemi yardarsa ba. A ƙwallon ƙafa ba haka tsarin yake ba. Kwantiragi ba ya bin ɗan wasa. Tsohon ya mutu, a ƙulla sabo daga tushe. Ke nan a musaya ɗaya sai ƙungiyoyi biyu sun yarda da darajar mutum biyu, 'yan wasan biyu sun yarda da garin da za su koma da albashin da za a ba su, wakilansu sun yarda da la'adarsu, kociyoyi biyu sun ce suna so, likitoci biyu sun ce lafiya lau. Mutum ɗaya ya noƙe, komai ya rushe.

Ga kuma matsalar dacewa. Wanda kake son rabuwa da shi yawanci akwai dalili: ya tsufa, ko yawan rauni, ko albashinsa ya yi nauyi. Ɗaya ɓangaren ma ya san haka. Da wuya a samu ƙungiyoyi biyu da kowacce ke matuƙar son abin da ɗayar ke neman kai da shi. Shi ya sa kowa ya fi son kuɗi, don da kuɗi kasuwar duniya ce gabanka, da musaya kuwa rumfa ɗaya ce.

Kuma 'yan misalan da ake da su ba su ƙarfafa gwiwa ba. A 2009 Barcelona ta ba Inter Milan Samuel Eto'o da cikon yuro miliyan 46 don ta karɓi Zlatan Ibrahimovic. Kakar da ta biyo baya Inter ta fitar da Barcelona a wasan kusa da na ƙarshe, ta haɗa kofi uku da Eto'o a ciki, Ibrahimovic kuwa kaka ɗaya ya yi ya bar Sifaniya. A Janairun 2018 Arsenal da Manchester United suka yi kai-da-kai da Alexis Sanchez da Henrikh Mkhitaryan, babu wanda ya ci riba. Idan ka sayar da kuɗi, kuskurenka yakan ɓuya a cikin lissafi. Idan musaya ka yi, duk mako magoya baya na ɗora mutum biyun a sikeli. Akwai wata irin musaya da ake yi don gyara littafi, an yi bayaninta a amsar da ta shafi dokokin kashe kuɗi.

Ɗan wasa na iya cewa ba inda za shi alhali ƙungiyarsa ta amince?

Ƙwarai. Babu mai tilasta masa sa hannu. A bazarar 2022 an yi ta ruwaito cewa Barcelona da Manchester United sun daidaita a kan Frenkie de Jong na Barcelona, amma shi ya ce yana nan, kuma ya zauna. Sau da yawa abin da magoya baya ke kira taurin kan ƙungiya, a gaskiya ɗan wasa ne ya ƙi motsi: yara na makaranta, iyali sun saba da gari, ko kuma babu mai iya biyansa abin da yake karɓa yanzu. Wanda ke da shekara uku a kwantiragi mai tsoka ba shi da dalilin karɓar rabin albashi a wani wuri, ko da benci yake ɗumamawa.

Idan kuma shi ne ya dage sai ya tafi fa? Ba dole a sake shi ba?

Ba dole ba ne muddin kwantiraginsa na da sauran tsawo. Harry Kane ya so komawa Manchester City a 2021, amma yarjejeniyar shekara shida da ya sa wa hannu a 2018 tana da sauran shekara uku, Tottenham ta ƙi, ya dawo ya ci gaba da wasa. A 2013 Arsenal ta taya Luis Suarez fam miliyan 40 da fam ɗaya, bisa zaton hakan zai tilasta wa Liverpool. Liverpool ta ƙi. Suarez ya ci ƙwallo 31 a Firimiya a kakar, aka sayar da shi ga Barcelona a 2014 a kan kuɗin da ya ɗara na Arsenal nesa ba kusa ba.

Ƙungiya na kuma kallon sauran 'yan ɗakin. Idan aka ga wane ya ƙaurace wa atisaye mako biyu an buɗe masa ƙofa, baɗi mutum uku ne za su gwada. Shi ya sa ko za a saki mutum, akan bar shi ya ɗan soyu tukuna. Alexander Isak ya ƙi bin Newcastle wasannin share fage a 2025, ya yi ta atisaye shi kaɗai, amma ba a sallama shi ga Liverpool ba sai ranar 1 ga Satumba, a kan fam miliyan 125, bayan Newcastle ta kawo Nick Woltemade ta kuma kammala cinikin Yoane Wissa. A ganina wannan misalin ya fi kowanne nuna yadda abin yake: ba a kan Isak ake jayayya ba, a kan wanda zai gaje shi ne.

Me ya sa ake yawan maganar "saura shekara ɗaya a kwantiraginsa"?

Saboda wani ɗan wasan Beljiyam, Jean-Marc Bosman, wanda ƙungiyarsa ta hana shi komawa Dunkerque ta Faransa a 1990 duk da kwantiraginsa ya ƙare. Ya kai ƙara, a Disambar 1995 kotun Tarayyar Turai ta ba shi gaskiya. Tun daga nan wanda yarjejeniyarsa ta ƙare yana tafiya kyauta, kuma dokar FIFA ta ba shi damar ƙulla magana da wata ƙungiya idan saura wata shida.

Wannan ne ke juya ƙarfi daga hannu zuwa hannu. Mai shekara uku ko huɗu, ƙungiya ce ke da wuƙa da nama. Mai shekara biyu, lokacin yanke shawara ne: a sabunta ko a sayar. Mai shekara ɗaya, farashi ya fara narkewa. Tottenham da ta ƙi a 2021 ita ce ta sallama Kane ga Bayern Munich a 2023 da ya rage shekara guda. Paris Saint-Germain kuwa ta ƙi tayin Real Madrid mai yawan gaske a kan Kylian Mbappe a 2021, ta samu ya sabunta a 2022, sannan ya tafi Madrid ɗin a 2024 ba ta karɓi ko sisi na ciniki ba. Mai arzikin da zai iya haɗiye irin wannan asara ba shi da yawa.

Gaskiya ne ƙungiya kan karɓi kuɗi kaɗan daga waje don kada ta sayar wa abokiyar hamayya?

Yana faruwa. Sayar wa wadda kuke neman kofi ɗaya asara biyu ce, ka rage naka ka ƙara nata. Arsenal ta sallama Robin van Persie ga Manchester United a 2012 a kan kusan fam miliyan 24. Ya ci 26 a gasar, United ta ɗauki Firimiya a 2013. Magoya bayan Arsenal ba su manta ba, kuma shugabannin wasu ƙungiyoyi ma sun ɗauki darasi.

Duk kuɗin da ake ambatawa a labarai na shiga asusun mai sayarwa?

A'a, kuma wannan na daga cikin abin da ke sa tayin da ya yi kyau a jarida ya zama bai kai ba a ofis. Da farko, ba kasafai ake biya lakadan ba. Akan raba kuɗin shekara uku ko huɗu, wani ɓangare kuma sharaɗi ne, sai ɗan wasa ya buga wasa kaza ko an ci kofi kaza. Na biyu, a cinikin ƙasa da ƙasa ana cire kashi 5 cikin 100 a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi tsakanin shekara 12 zuwa 23. Na uku, tsohuwar ƙungiyarsa na iya kasancewa ta sa sharaɗin samun kaso idan aka sake sayar da shi. Ga wakilai, ga wani lokaci ladan da ɗan wasan ke bin ƙungiya bashi. Kafin a gama rabo, abin da ya rage bai isa sayen madadinsa ba.

Na ji ana cewa sayar da wani "asara ce a littafi". Me ake nufi?

A lissafin ƙungiya ba a rubuta kuɗin sayen ɗan wasa gaba ɗaya a shekarar da aka saye shi; ana shimfiɗa shi a kan tsawon kwantiragi. A ce an sayi mutum miliyan 50 a kan shekara biyar. Kowace shekara ana cire 10. Bayan shekara biyu, darajarsa a littafi 30 ce. Idan bai taɓuka abin kirki ba aka taya shi 25, sayarwa na nufin a rubuta asarar miliyan 5 nan take. Sai ka ga an riƙe wanda koci ba ya so, ko a tura shi aro har darajar ta sauko.

Yaron da ƙungiya ta rena a makarantarta kuwa ba a saye shi ba, don haka darajarsa a littafi babu. Aka sayar da shi 25, riba ce tsantsa. Wannan ne ya sa a 'yan shekarun nan ake ganin abin da ke ɓata wa magoya baya rai: ɗan gida mai ƙwazo ya tafi, baƙon da ya gaza ya zauna. Sai dai shi ma ɗan gidan ba a sakinsa da garaje, domin a jerin mutum 25 da ake miƙa wa hukumar ƙwallon Turai, UEFA, an keɓe gurbi takwas ga waɗanda aka rena a ƙasar, huɗu daga ciki a ƙungiyar kanta. Wanda bai cika su ba, jerinsa ya ragu.

Dokokin kashe kuɗi ba sa tilasta a sayar?

Suna yi, kuma suna da ranarsu. Yawancin ƙungiyoyin Turai na rufe littafin shekara ranar 30 ga Yuni, don haka mai neman cike giɓi yakan so ya sayar kafin ranar, masu saye kuma sun sani, sai su taya da arha. Firimiya ta yi shekaru tana aiki da dokar da ta hana asarar da ta wuce fam miliyan 105 a shekara uku. Nottingham Forest, wadda iyakarta ta fi haka ƙanƙanta saboda ba ta daɗe da hawowa ba, ta ƙi sakin Brennan Johnson a Yunin 2023 don tana ganin zai fi daraja daga baya. Hasashenta ya yi daidai: ranar 1 ga Satumba Tottenham ta biya fam miliyan 47.5. Amma kuɗin sun faɗa littafin wata shekarar, a Maris na 2024 aka zaftare mata maki huɗu. Ta ci riba a kasuwa, ta biya a teburi.

A nan ne musayar gyaran littafi ke shigowa. A ƙarshen Yunin 2020 Arthur na Barcelona ya koma Juventus a kan yuro miliyan 72, Miralem Pjanic na Juventus ya koma Barcelona a kan 60. A takarda ciniki biyu ne daban. Kuɗin da suka motsa da gaske kaɗan ne, amma kowace ƙungiya ta rubuta riba nan take, ta shimfiɗa kuɗin sayen a kan shekaru kamar yadda aka bayyana a amsar da ta gabata. Hukumomi sun sa wa irin wannan ido sosai tun daga lokacin, abin da ya ƙara sa musaya ta zama abin ɗari-ɗari.

Mene ne farashin da ake cewa an rubuta a kwantiragi, wanda in an biya shi ke nan?

Adadi ne da aka amince tun farko cewa duk wanda ya ajiye shi, ƙungiya ba ta da ta cewa. A Sifaniya kusan kowane kwantiragi na ɗauke da shi, ta nan aka bi aka ɗauke Neymar. Bayan haka Barcelona ta riƙa rubuta yuro biliyan ɗaya a kan matasanta irin su Pedri, wato dai kada ma a tambaya. A wasu wuraren ɗan wasa ne ke neman a sa adadi mai sauƙi don ya bar wa kansa ƙofa: da yuro miliyan 60 Manchester City ta ɗauki Erling Haaland daga Dortmund a 2022, ƙasa da abin da zai kai a buɗaɗɗiyar kasuwa.

Me ya sa komai ke taruwa a ranar ƙarshe?

Saboda cinikin sarƙa ne. Ta farko ba za ta saki ba sai ta biyu ta sakar mata, ta biyu na jiran ta uku. Kowa kuma na zaton ɗayan ne zai fara gajiya. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. A daren 31 ga Agustan 2015 an gama magana David de Gea zai koma Real Madrid, Keylor Navas ya taho Manchester United, takardu ba su shiga a kan lokaci ba, ƙungiyoyin biyu suka yi ta ɗora wa juna laifi, De Gea ya sabunta kwantiragi a United bayan 'yan kwanaki. A ranar ƙarshe ta bazarar 2025 Marc Guehi har gwajin lafiya ya yi don komawa Liverpool, Crystal Palace ta janye da daddare saboda mai tsaron bayan da take sa ran zai maye gurbinsa bai samu ba.

To aro fa, ba shi ne mafita ba?

Mafitar wanda ciniki ya ƙi faɗa masa ce. Victor Osimhen ya kai ƙarshen Agustan 2024 ba a daidaita da Chelsea ko Al-Ahli ta Saudiyya ba, Napoli kuma ta riga ta kawo Romelu Lukaku ta cire shi daga lissafi. Da yake kasuwar Turkiyya ba ta rufe ba tukuna, sai aka tura shi Galatasaray aro a Satumba. A 2025 Galatasaray ta saye shi a kan yuro miliyan 75. Napoli ta jira shekara guda ta samu farashinta maimakon ta karya shi cikin gaggawa. Sai dai aro ba rijiya ba ce marar ƙasa: FIFA ta taƙaita yawan manyan 'yan wasan da ƙungiya za ta tura ko ta karɓa aro daga ƙasashen waje zuwa shida-shida tun daga 2024.

Yaya zan gane ko "ba na sayarwa ba ne" gaskiya ce ko salon ciniki?

Kada ka saurari abin da shugaba ya faɗa, ka dubi abin da ƙungiya ke yi. Shekara nawa suka rage wa ɗan wasan? In uku ne ko fiye, maganar na da nauyi. In ɗaya ce kuma bai sabunta ba, ana jiran a ƙara ne. Ana neman wani a gurbinsa? Ƙungiyar da ta ce ɗan wasan gabanta ba ya zuwa ko'ina amma ta sayo wani mai tsada a wurin, ta riga ta sallama a zuci. Ana sa shi a wasannin share fage, ko kullum "yana da ɗan rauni"? Wa ke tayawa, abokiyar hamayya ko ta wata ƙasa? Sannan ka duba kalanda: amsar da aka bayar a tsakiyar Yuni, lokacin da littafi ke gab da rufewa, da wadda aka bayar a tsakiyar Yuli, da ta daren ƙarshe, ba lallai su zama ɗaya ba ko da tayin bai canza ba.